Shekarar da Na Kira Sunan Saratu

Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba. Na so in tsallake daga shekarar da na buɗe shagon ɗinki a kasuwar Azare zuwa shekarar da na sauke farali, in bar abin da ke tsakani ya kwanta. Kai Aminu ne ka tayar da shi. An gaya min ka hana 'yarka shiga wasan kwaikwayon da za su yi a makaranta ranar ba da hutu, har kana cewa ai gado ka yi, wai Baba ma ya taɓa miƙewa a gaban jama'a ya tarwatsa irin wannan wasa. To, na miƙe, ban musa ba. Na yi tsawa, rabin unguwa ta ji. Amma kai ranar kana goye a bayan mahaifiyarku kana tsotsar yatsa, labarin da ka tsinta a bakin 'yan zaman shago kuwa guntu ne, an sare masa kai da ƙafa. Ku zauna ku duka ku ji shi daga bakin mai shi.

Kun taso kun ga ina kiran yayarku Saratu da sunanta, kuna ɗauka haka aka faro. Ba haka ba ne. Saratu 'yar fari ce, mu kuwa gidanmu na Chinade gida ne da ake kunyar ɗan fari, kunya irin ta Fulani wadda ba ta da sassauci. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ba ya kallonsa idan da mutane, mutane kuwa kullum akwai su. Ana yaye Saratu, Inna mahaifiyata, wadda ta dawo wurina a Azare bayan rasuwar mahaifinmu, ta kwashe ta zuwa ɗakinta. Can take ci, can take kwana. Ni kaina ɗan farin Inna ne. Na kai shekara arba'in a duniya ban taɓa jin "Buba" ya fito daga bakinta ba. Idan tana nemana sai ta dubi wanda ke kusa ta ce a ce wa wancan ya zo. Da na koyi ɗinki sai ta samu sauƙi, na koma "Tela". Ban taɓa jin zafin abin ba, don na san in na kwanta zazzaɓi Inna ba ta cin abinci sai na tashi. Sai na ɗauka kowane yaro haka yake ganewa da kansa, ba sai an faɗa masa ba.

Abin da ban sa a kaina ba shi ne Saratu ba kamar ni take ba. Tana da in'ina, mai nauyi ma kuwa. Kalma takan maƙale mata a maƙogwaro har jijiyar wuyanta ta tashi, idanunta su ciko. Kullum bayan an tashi daga makaranta ita ke kawo min abinci shago. Za ta durƙusa a bakin ƙofa ta fara kokawa da gaisuwa, ni kuwa sai in ƙara sunkuyar da kai a kan keken ɗinki in ce wa iska a ajiye. A raina taimakonta nake yi, kada ta wahala da gaisuwar. Wallahi duk ranar da na ji tana wannan kokawa sai zuciyata ta yi min ciwo har la'asar. Kayan sallarta ni nake zaɓen yadin da ya fi kowanne, in auna ta da ido daga nesa, in ɗinka in ba Inna, Inna ta ce mata ragowar yadin wani ne. Ku ƙannenta kuwa ina ɗaga ku sama, ina cusa muku alewa a aljihu, tana tsaye tana kallo. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Maƙwabciyar shagona wata Bayarabiya ce mai sayar da yadi da zare, Iya Kemi. Ta daɗe a Azare har Hausarta ta fi ta wasunmu, 'yarta Kemi kuma ajinsu ɗaya da Saratu. Matar kirki ce, sai dai tana da wata ɗabi'a da ke sa ni jin kamar in nutse: a wurinsu girmamawa ce a kira mutum da sunan ɗan farinsa. Na roƙe ta ta daina har na gaji. Wata Laraba da la'asar ta leƙo shagon tana naɗe atamfa.

"Baba Saratu! Gobe dai ba za ka buɗe da wuri ba ko? Ni sai an tashi daga makaranta zan fito."

"Me ake yi a makarantar?"

"Au, ba a gaya maka ba? Wasan kwaikwayo mana, an gayyaci iyaye. Kemi tana ciki, amma Saratu ce uwar tafiya. Malama Ladi ta ce duk wasan a kanta yake. Kemi ta ce in Saratu ta fara, 'yan aji har faɗuwa suke yi don dariya."

Dariya. Ban ji sauran abin da ta faɗa ba. Na taka keken da ƙarfi har allura ta karye. Lokacin ne finafinai suka fara cika gari, ana ta wa'azi a kansu, ni kuwa ban bambance wasan yara a filin makaranta da na kaset ba, duk shashanci ne a wurina. Amma ba wannan ne ya dafa ni ba. Abin da na hango shi ne an tsayar da yarinya mai in'ina a gaban gari, tana kokawa da kalma, ƙattai suna riƙe ciki. Na rufe shago ban ko share ƙyallaye ba.

Na tarar da mahaifiyarku a bakin murhu, Inna na kan tabarma tana tsintar wake. Saratu ta tafi Islamiyya.

"Da saninki?" na ce da mahaifiyarku.

"Da sanina, Malam. Yarinyar tana so."

"Tana so a tara gari a yi mata dariya?"

"Ba abin da kake tsammani ba ne. Da za ka je ka gani da idonka..."

"Ya je ina?" in ji Inna, ba ta ɗago daga faifan ba. "A nuna min mutumin da ya taɓa zama a taron ɗan farinsa. Amma a ce wa Tela jikata ba abar wasa ba ce. Ni ba zan iya da hawayenta ba, kada wani ya gaya mata. Gobe ya je tun kafin a fara, ya tsaya a bakin ofis, ya ce wa malamar na hana, ya juyo."

Da gari ya waye Saratu ta fice da wuri. Na yi wanka na ce bari in sa rigar mutunci, kada malamar ta ga tela ta raina ni. Ina da wata babbar riga ta shuɗiyar shadda wadda na yi wa aiki da zare ruwan ɗorawa da hannuna. Shekara takwas da ita nake zuwa masallacin Juma'a, duk unguwa in an hango ta daga nesa an san Buba Tela ne. Na buɗe akwati, babu. Na zazzage shi a kan gado, babu. Mahaifiyarku ta ce tana wurin mai guga, tana faɗa tana kallon ƙasa. Wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi min, kuma ba ta iya ba. Duk da haka na taka har bakin titi wurin mai gugar, ya birkice kayansa kaf, ya rantse bai ga rigata ba. Kafin in dawo in zura wani tsohon kaftani, mahaifiyarku ta goya ka ta fice, hantsi kuma ya ɗaga. Tun daga kwanar makarantar nake jiyo shewa. An riga an fara.

A ƙarƙashin itatuwan darbejiya aka yi taron. An jera bencina, maza a dama, mata a hagu, hedimasta da mai unguwa a kan kujeru a gaba, yara sun zauna a ƙasa. An ɗaura zanen gado tsakanin itace biyu ya zama labule. Malama Ladi, wata siririyar mace mai tabarau, tana tsaye a gefen labulen, ba yadda zan kai gare ta sai na ratsa tsakiyar jama'a. Na tsaya a can baya ina neman wanda zan aika. Sai aka ja labule, sai ga rigata ta fito.

Ta yi wa mai ita yawa har tana share ƙasa, an naɗe hannuwan a kafaɗa. Da hula, da gemun auduga, da tef ɗin awo a wuya. Mai rigar ya tako yana ɗan jan ƙafar hagu, ya yi gyaran murya sau biyu, ya zauna a bayan wani benci ya fara taka keken da babu shi. Filin ya ɗauka gaba ɗaya.

"Tela! Wallahi Buba Tela ne!"

Wani yaro ya shigo a matsayin mai kawo ɗinki. Mai rigar ya miƙe ya zagaya shi, ya ɗora masa tef a wuya, ya ja tsaki, ya ce:

"Kai, bawan Allah! Wannan wuyan naka ne ko aro ka yi? Yadi huɗu ka kawo, wuyan kaɗai zai cinye biyu. Je ka dawo bayan sallah, in ka ga dama ka dawo bayan ta baɗi."

Maganata ce, da muryata, har da yadda nake jan "bawan Allah". Sai da na ƙura ido na gane ƙafafun da ke leƙowa a ƙarƙashin rigar. Saratu ce. Kalma ko ɗaya ba ta maƙale ba. Magana na zuba daga bakinta kamar ruwa daga buta. Daga baya na ji yadda aka yi: Malama Ladi ba ta rubuta wa yara wasa a takarda, cewa take yi kowa ya tashi ya kwaikwayi wani na gidansu, daga nan ta ɗinka abin da suka kawo ya zama labari. A nan ta gano in Saratu ta ari muryar wani, in'inar takan sake ta. Ni dai a lokacin ban san wannan ba. Na tsaya baki buɗe, haushi da mamaki suna dambe a ƙirjina. Mutanen da ke kusa da ni sun fara waiwayowa suna taɓa juna. Yarinyar da ban taɓa kallo ba, ashe ita shekara goma sha ɗaya take kallona, har ta haddace yadda nake lasar zare.

Sai Kemi ta shigo da kwano a kai, ita ce 'yar tela. Ta durƙusa ta ce, "Ba-ba-baba, ga a-a-abinci." Aka kwashe da dariya, jinina ya hau. Telan bai ɗago ba, ya ce wa iska a ajiye. Aka sake dariya. Ƙananan yara biyu suka shigo da gudu, telan ya watsar da ɗinki ya rungume su yana ba su alewa, Kemi na durƙushe. Dariyar ta ragu. Aka ja labule aka sake buɗewa, wai wata rana ce. Kemi ta shigo tana riƙe da hannunta na dama, tana karkarwa, kwanon a karkace.

"Ba-ba-baba, mai ke-ke-keke ya bu-bu... mi-miya ta ƙo-ƙo-ƙo..."

"A ce wa waccan ta ajiye ta koma gida," in ji telan. "Ina da baƙi."

Na tuna ranar. Wallahi na tuna ta. A damina ce, ina auna wani Alhaji daga Udubo. Na buɗe kwano na tarar da miyar kuka rabi, na koma gida ina ta faɗa wai an fara yi min rowar miya. Ba wanda ya ce min komai, don ba a kawo wa uba zancen 'yar fari. Ashe mai keke ne ya buge ta a hanya, miyar da aka sauke daga wuta ta kwaranye mata a hannu, ta ƙaraso shago da ƙunar ta durƙusa tana son gaya min. Kemi ta fita tana kuka. Malama Ladi ta kama labule za ta ja, sai telan ya miƙe ya tako gaba. Na ga malamar ta tsaya da hannu a sama, alamar ba da wannan aka shirya ba. Saratu ta tabbata ba na wurin, don uba ba ya zuwa taron 'yar farinsa. Ta shafa gemun auduga, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ce da muryata:

"Allah ya ba kowa 'ya mai baki, ni ya ba ni wannan. Da wane ido zan dube ta? In ta buɗe baki a gaban baƙi sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Sunanta ma ba na so in faɗa, kada a san tawa ce."

"Ƙarya ne!"

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Wannan ce tsawar da ka ji labari, Aminu. Kowa ya juyo. Hedimasta ya miƙe, mai unguwa ya dafa sandarsa. Saratu ta hango ni, gemun ya saki ta gefe ɗaya ya rataya. Ta buɗe baki, "Ba-ba-ba-ba," in'inar ta dawo ta shaƙe ta. Na ratsa ta tsakiyar bencina. Kowa ya ɗauka duka zan yi, an san ni da zuciya. Wani ya riƙo hannun kaftanina yana cewa Malam Buba a yi haƙuri, yarinya ce, na fizge. Na jiyo muryar mahaifiyarku daga ɓangaren mata tana salati. Kafin in isa, Malama Ladi ta sha gabana ta ware hannuwa, Saratu na bayanta.

"Malam, ni na sa ta. In da laifi, nawa ne."

"Matsa, Malama."

"Ba zan matsa ba."

Ƙafarta ba ta motsa ba. Na tsaya ina huci. A nan na ga abin da ke gabana. Zan iya juyawa in tafi, in riƙe kunyata, gari ya ce Tela ya yi fushi an yi wasa da rigarsa, bayan sati biyu a manta. Amma yarinyar nan za ta koma gida da abin da ta faɗa, ta girma da shi, ta yi aure da shi, wata rana a binne ni tana tsammanin kunyar bakinta nake ji. In kuwa zan ƙaryata, ba aike, ba "a ce wa waccan". Sai na kira ta, a gaban mai unguwa, a gaban tsofaffin da ke zuwa hira ɗakin Inna, ga su can a zaune suna kallona. Na san kafin in isa gida labari ya riga ni. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

"Sa... Sa... Saratu."

Ba wanda ya yi dariya. Daga bayan malamar na ji wata 'yar murya.

"Na'am."

"Zo nan. Nuna min hannun."

Malama Ladi ta dube ni, ta dube ta, ta matsa. Saratu ta tako tana tuntuɓe da rigar. Na durƙusa, na naɗe hannun rigata daga hannunta, sai ga tabon, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, fatar ta yi sheƙi ta tattare. Wannan ne karo na farko da na riƙe hannunta tun tana cikin zanen goyo.

"Abin da kika faɗa ƙarya ne," na ce. "Ban taɓa jin kunyar bakinki ba, Allah shi ne shaidata. Kunyar 'yar fari nake yi, irin wadda aka yi min. Kayan sallar da ake ce miki ragowar yadi ne, ba ragowa ba ne. Ni nake zaɓa."

Ta dube ni cikin ido, gemun na lilo a haɓarta.

"To me ya sa ba-ba-ba ka faɗa ba?"

Na miƙe na ce wa malamar su ƙarasa wasansu, zan zauna in gani. Ta cire tabarau tana goge ido ta ce ai ya ƙare, maganar ƙarshen nan ma ba ta cikin shiri. Haka aka watse, ba tafi, ba jawabin hedimasta. Mata wasu na share hawaye da bakin mayafi. Maza kuwa na ji wani dattijo yana cewa Tela ya zubar da kunya a ƙasa, duniya ta zo ƙarshe. Amma a satin mutum uku suka zo shagona ba da ɗinki ba. Suka zauna, ɗayansu da zai tafi ya ce, "Ashe yaran nan suna lura."

Da muka isa gida, ni a gaba, Saratu a bayana rungume da rigar, mun tarar Inna ta ɗaure ƙunshinta ta zauna a kansa a tsakar gida.

"A ce wa Tela ya nemo min babur. Chinade za ni."

Na zube a gabanta na ce Inna a yi min aikin gafara, a saurare ni. Ta juya fuska ga bango, da bangon ta yi magana.

"Shekara arba'in na riƙe bakina. Yana tsammanin ban iya faɗin suna ba ne? Yana tsammanin ba ya yi min nauyi a ƙirji? Shi goma sha ɗaya ta gagare shi, sai da ya tara gari ya nuna ban yi masa tarbiyya ba."

Saratu ta riƙe ƙunshin tana kuka, kalma ta ƙi fita. Inna ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta hau babur. Ta koma gidan ƙanena Jibo, ba ta sake kwana a Azare ba. Wannan ne abin da kiran ya ci min, kuma ba ni kaɗai ya ci ba. Yarinyar da ba ta taɓa kwana ba Inna a gefenta ba ta koma kwana ita kaɗai, tana ganin ita ta kori kakarta. Mahaifiyarku ta sha zagi a dangi, wai ita ta ba da riga. Ni kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in hau babur zuwa Chinade, in durƙusa a bakin ƙofar Inna in gaishe ta, ta ce wa matar Jibo a ce masa lafiya lau. Shekara biyu ina wannan zarya. Sau da yawa a kan hanyar dawowa nakan tambayi kaina ko na yi daidai. Sai in iso gida in ce "Saratu", in ji ta amsa daga cikin ɗaki, in kasa yin nadama.

A damina ta biyu ciwo ya kwantar da Inna. Jibo ya aiko cewa tana son ganin jikarta, kuma wai a taho da rigar nan. Ban gane ba, amma na ɗauko ta daga akwati, don tun ranar ban sake sa ta ba. Muka isa da hantsi. Saratu ta shiga, ni na tsaya a waje jikin ƙofa, ba abin da ya raba mu sai asabari. Na ji Inna, muryarta ta yi ƙasa sosai, tana cewa:

"Sa rigar. Yi min abin da kika yi a makaranta, in ga abin da ya zautar da shi."

Na ji motsin shadda. Na ji gyaran murya sau biyu. Sai ga muryata a cikin ɗakin Inna tana tambayar wani bawan Allah ko wuyansa na aro ne. Inna ta fara dariya, irin wadda ban ji ba tun ina yaro, har tari ya sarƙe ta. Saratu ta ba ta ruwa ta ci gaba, ta yi jan ƙafar, ta yi lasar zaren. Can sai dariyar ta tsaya. Na fara tsorata, na kai hannu zan ɗaga asabarin. Sai na ji Inna ta ce:

"Buba."

Hannuna ya tsaya a inda yake.

"Na'am, Inna," in ji Saratu, da muryata.

"Zo nan, Buba. Zauna kusa da ni. Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Inna ta ji tsayuwar babur ɗina. Ƙafafuna ma ana ganinsu ta ƙarƙashin asabarin. Ta san sarai ina wurin, ni ma na san ta sani. Ban shiga ba, don in na shiga sai ta juya ga bango. Na jingina da katanga, ƙato da ni mai 'ya'ya biyar, ina kuka ina toshe baki da hula, ina jin uwata tana shafa kan wanda ke cikin rigata tana sa masa albarka da sunana, sau uku. Ba ta kai lokacin kaka ba, Allah ya jiƙanta da rahama. Wannan ne kaɗai lokacin da na ji sunana a bakinta, kuma ba don yarinya ta ari riga ta yi wasa ba, da ban ji ba.

In'inar Saratu tana nan har yau, wasa bai warkar da ita ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Da ita take koyarwa a Gololo, kuma duk ƙarshen zango sai ta ɗaura zanen gado tsakanin itace biyu ta tara iyaye. Na ga 'ya'yanku suna kallon wasanni a waya, kowa ya sunkuya a lungunsa. Ban ce haramun ba ne. Amma wanda ke cikin waya bai san ka ba, bai taɓa kawo maka abinci ba, in ya taɓo inda ke maka ciwo sai ka latsa ka wuce. A filin nan ba abin latsawa. 'Yata ce a gabana, maƙwabtana a gefena, dole na ji.

Saboda haka, Aminu, in gado kake so ka yi, ga gadon. Ka bar yarinyar nan ta shiga wasanta. Ka rufe shagonka ranar, ka je da wuri ka zauna a bencin gaba, kada ka laɓe a baya kamar ubanka. Rigar tana nan a ƙasan akwatina, idona bai mutu ba tukuna, zan rage mata tsawo in tana so. Ka kawo min ita ranar Asabar in auna ta. Na lura tun da aka haife ta "waccan" kake ce mata, don 'yar farinka ce. In za ku taho, kada ka aika a ce mata ta fito. Ka kira ta da kanka.